Ɗorawar da Wuta Ta Tsallake

Ranar Talatar da masu ƙiyasin diyya suka zo daga Gusau, ranar aka tarar da itatuwan Sa'adiya a ƙone.

Gwamnati ta yanke shawarar mayar da gindin dutsen da ke gabas da Tungar Maje, can bayan Kwatarkwashi, gandun daji. Ba noma, ba sara, ba kiwo. An shafa wa duwatsu jan fenti, aka ce duk abin da ke ciki ya zama na birai da tsuntsaye. Mutanen gari ba su yi gardama sosai ba, don dama tsoron 'yan bindiga ya hana su zuwa gonakin can sai a ayari. Abin da ya tayar da hankali shi ne bayanin da Malam Nathaniel, jami'in da ke jagorantar aikin, ya yi a ƙofar Maigari tun zuwansa na farko, makonni kafin nan. Ya ce ƙasa dama ta gwamnati ce, ba a biyan diyyarta. Abin da ake biya shi ne abin da ke tsaye a kanta: shuka, gini, da itace mai 'ya'ya. Da yake bazara ce, babu shuka a ko'ina. Saura itace.

A yini ɗaya garin ya kife. Masu manyan gonaki, waɗanda suka sassare komai don motar noma ta sami hanya, suka wayi gari ba su da abin nunawa sai rana. Sa'adiya kuwa, bazawara mai daddawa, wadda ba ta mallaki ko taki ɗaya na ƙasa ba, ta zama wadda maza ke tsayawa su tambayi lafiyar ƙafarta. Lokacin rabon gadon ubansu, yayanta Haliru magini ya ɗauki gona, ya bar mata itatuwan da ke tsaye a kai, kamar yadda ake yi a ƙasar tun dā: gona ta wani, itace na wani. A lokacin kowa ya ce Haliru ya iya rabo.

To, da aka rako Malam Nathaniel gonar da hantsin Talatar nan, sai aka tarar an sassare ɓawon kowace ɗorawa zagaye, an cusa karan dawa a gindi an cinna wuta. Wasu sun faɗi. Wasu na tsaye baƙi ƙirin, tokarsu ta riga ta huce. Sa'adiya ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a ƙasa ta miƙe ƙafafu.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Nathaniel. "Ni abin da ke raye aka aiko ni in duba." Ya waiwaya, ya hango ɗorawa ɗaya a kusurwa kusa da dutse, kore shar, 'ya'yanta na lilo. "Waccan fa?"

"Ba tawa ba ce," in ji Sa'adiya. "Ta marigayiya Maijidda ce."

Sai duk aka juya aka dubi Labbo.

Labbo tsohon malamin daji ne da ya yi ritaya, kuma shi ake kira in an saci shanu ko an fasa rumbu, don yana karanta ƙasa yadda wasu ke karanta jarida. Maijidda matarsa ce. Ta rasu bara waccan, ta bar shi da gida, da littattafan da ba wanda ke arowa, da garin da bai taɓa gafarta masa iya shiru ba.

Kafin azahar 'yan sa-kai sun kamo Hamidu mai gawayi sun kulle a zauren Maigari. Ba don wani ya gan shi ba. Don dai sana'arsa ƙona itace ce, kuma ba ɗan garin ba ne. Samari suka fara maganar kai shi bayan dutse, inda waɗanda aka kai ba su cika dawowa ba.

Maigari Muhammad Sani ya kira Labbo gefe. "Ina iya riƙe su zuwa a sauko Juma'a," ya ce. "Bayan nan ba ni da baki. Ka tahi ka duba muna ƙasa."

*

Ƙasar ba ta da abin faɗi. Gari guda ya tattake ta, awaki suka bi baya suka gyara abin da ya rage. Labbo ya zagaya kututture bayan kututture. Sara iri ɗaya ne ko'ina, na mutum ɗaya, mai ƙarfi amma ba saurayi ba, don yana hutawa tsakanin itace da itace, ga inda yake jingina gatari. Aikin ya fi na yini ɗaya. A bakin iyaka ya ga sawun jaki mai ɗingishi da ƙafar baya. Jakin Hamidu ke nan.

Ɗorawar da ke kusurwa kaɗai bai je wurinta ba. Ya gaya wa kansa itacen da ba a taɓa ba ba shi da labari.

Gaskiyar ita ce bai taɓa tsayawa a inuwarta ba. Gonar asalinta ta uban Maijidda ce. Da ya sayar wa uban Haliru, sai ya keɓe itace ɗaya ya ce wannan na 'yarsa ne. Haliru ne ya fara neman Maijidda. Labbo ya zo daga baya da kakinsa da albashinsa, aka ba shi. Amma kowace bazara, in ɗorawa ta nuna, sai ta ɗauki ƙugiya da kwando ta nufi gonar Haliru, ta dawo leɓɓanta rawaya da garin ɗorawa, tana waƙe-waƙen da ba ta yi a sauran shekara. Labbo bai taɓa hana ta ba. Bai kuma taɓa cin miyar daddawar nan ya ji daɗinta ba.

*

Hamidu na zaune a zaure, igiya a ƙafa, leɓe a kumbure.

"Baba Labbo, ni da ɗorawa? Gawayin ɗorawa ko mai shayi ba ya saye, toka ce zalla. Ni iccen ƙirya nike nema. Kuma wane mahaukaci ne ka cinna ma icce wuta a tsaye shi tahi shi bar shi? Ai binne shi akan yi da ƙasa."

"Jakinka ya bi ta gonar."

"Ya bi. Wancan makon na hango hayaƙi, na zaci mutanen daji ne sunka sauka. Na juya jakin, wallahi har na riga shi gida."

"Ba ka gaya ma kowa ba?"

"In ce mi? In ce na ga hayaƙi? Ni da ko tuwo ya ƙone a garin ga sai an tambayi inda nike?" Ya yi ƙoƙarin dariya, leɓen ya hana. "Baba, da gaske bayan dutse za su kai ni?"

Labbo bai iya ƙarya mai kwantar da hankali ba, shi ya sa ba a gayyatarsa duba marar lafiya. "Sun ce," ya amsa, ya fita.

*

Sunan da ya fi yawo a bakin mata shi ne na Mahadi. Gonarsa na maƙwabtaka da ta Haliru, cike da tsamiya da kaɗanya, amma jan fentin gwamnati ya tsaya daidai bakin iyakarsa ya juya. An ji shi a kasuwar Tsafe, wurin mai shayi, yana cewa da ma wuta ta cinye ɗorawar kowa ya huta.

Labbo ya same shi kishingiɗe a ƙofar gida, ƙafa ɗaure da karare.

"Na faɗa," in ji Mahadi, tun ba a tambaye shi ba. "Gobe ma ina faɗi. Tsamiyata ta fi ɗorawarta komai, amma mai fenti ya zo gonata sai fenti ya ƙare. Tsohuwa mai warin daddawa za ta tashi da abin da ban taɓa gani ba, ni ko ga ni nan."

"Ƙafar fa?"

"Babur. Tun kafin watan ga ya tsaya ina gidan maɗori a Bungudu, jiya anka maido ni. Tahi ka tambaya. Da wannan ƙafa zan sari icce?" Ya gyara kwanciya, ya kalli Labbo da ido ɗaya. "Amma kai, Malamin Daji, wa ka binciken ka? Gona guda ta ƙone, iccen matarka kaɗai ya tsira. Yanzu kai ne mai diyya a gonar Haliru. Kuma garin ga duka an san ba ka son jin sunan mai gonar. Mi ya sa ne ma? Tuna min."

"Allah shi sawwaƙe," in ji Labbo.

"Amin. Ya sawwaƙe muna duka."

Yana tafiya yana jin dariyar a bayansa. Shekara da shekaru yana zaton ya ɓoye abin da ke ransa. Ashe dai garin ladabi yake yi masa.

*

A gidan Sa'adiya ya tarar da Haliru zaune kan turmi, ya kawo mata damin gero. Dogo ne har yanzu, gemunsa fari fat, hannayensa manya masu kaushi. Tsufa ya yi masa kyau, abin da Labbo ya ɗauka a matsayin wani sabon rashin kunya.

"Malam Labbo."

"Magini. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Ƙasa ta yi magana?"

"Tana gyaran murya."

Sa'adiya na tankaɗe, ba don akwai abin tankaɗewa ba. Labbo ya tambaye ta ko tana da abokin gaba.

"Da ban da kowa," ta ce. "Tun da anka ce za a biya ni, ban san iyakarsu ba. Wadda munka yi shekaru muna cin kasuwa tare ta daina amsa min sallama. Ni ko ba ni kaɗai anka cuta ba, har da Yaya. Ranar sunan jikan Liman, gaban kowa da kowa, na ce mishi, Yaya, kada ka damu don ƙasarka ba ta da diyya. In sun biya, rabi naka ne. Ba ka roƙon kowa ina raye. Ko ba haka na ce ba?"

"Haka kinka ce," in ji Haliru. "Kowa ya ji."

"Har anka yi ta shi min albarka."

"An yi."

Labbo ya so ƙwarai a ce Haliru ne ya cinna wutar. Saboda yana so ɗin ne ma ya ture tunanin. Ya san irin sawun da zuciya ke zanawa da kanta in tana neman mutum, kuma mutum ba ya ƙona abin da rabinsa nasa ne. Ya yi sallama ya fito ba tare da ya kalli hannayen nan ba.

*

Ranar Alhamis da la'asar ya zauna a tsakar gidansa, littafi buɗe a cinya, idonsa a kan rumbu. Ya aika Bungudu, maɗori ya tabbatar da maganar Mahadi. Samari kuwa sun fara zama a ƙofar Maigari suna feƙe sanduna.

Rumbun na ƙasa ne, aikin Haliru. Shekarar da tsohon rumbunsu ya rushe, Labbo ya ce zai nemo magini daga Karakkai. Maijidda ta ce, ga wanda ya fi kowa iyawa a bayan gida? Haka Haliru ya yi kwanaki a tsakar gidan nan, tana miƙa masa fura. Kowane magini da irin yaɓensa. Haliru bahago ne, yana jan laka daga dama zuwa hagu kamar buɗe mafici, kuma a ƙarshen kowane ja sai ya danna babban yatsa ya bar ɗan gurbi. Labbo ya san gurabun nan fiye da fuskokin danginsa. Duk hatsin da ya ci a aurensa daga cikin hannun Haliru ya fito.

Akwai kuma saƙon da Maijidda ta bar masa a gadon asibiti a Gusau, wanda ya ce zai isar bayan sadakar bakwai, sannan bayan ta arba'in, sannan in an yi girbi.

Ya rufe littafin. Mai bin sawun da ya zagaya gona ya tsallake itace ɗaya ba bincike ya yi ba. Kuma in an sauko Juma'a ba shi za a kai bayan dutse ba.

*

Da sassafen Juma'a ya tsaya a ƙarƙashin ɗorawar Maijidda. Inuwar ta fi yadda ya zata sanyi. Ga wani reshe mai santsi inda ƙugiya ta saba kamawa. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya zagaya ta gefen dutse, inda ba mai gani daga gona.

A nan, daidai gwiwa, akwai sara ɗaya. Ɗaya tak, mai zurfi. An cike shi da laka, ƙasar suri da aka kwaɓa da kashin shanu da ciyawa, an lailaye har ta rufe raunin ruf. Ga surin da aka fasa can gefe, ga inda aka tsiyayo ruwan buta aka kwaɓa.

Daga dama zuwa hagu, kamar mafici. Gurbin babban yatsa a ƙarshen kowane ja.

Ya murza yaɓen da ɗan yatsa. Toka ce a jiki, da guntayen baƙin ɓawo, ba a sama kawai ba, sun nutse ciki sun bushe tare da lakar.

Ya zauna a kan saiwa. Ya sami abin da ya yi rabin rayuwarsa yana nema, hujja a kan Haliru, kuma ba ta yi masa daɗi ko kaɗan ba. Ya san tambayar da za a yi masa. Ya san amsarta. Ya kuma san cewa in bai faɗe ta da bakinsa a gaban gari ba, yaɓe kawai ba zai kwance Hamidu ba.

*

Da aka sauko masallaci ya ce wa Maigari a tafi gona, a zo da kowa. Aka tafi a ayari, 'yan sa-kai gaba da baya. Hamidu da igiyarsa, Mahadi a kan jaki yana zagin ramuka, Sa'adiya a bayan yayanta, Malam Nathaniel da ya dawo daga Gusau don a gaya masa matsaya.

Labbo ya kai su bayan itacen ya nuna.

"Duk mai rumbu a garin ga shi matso shi duba."

Kusan kowa yana da hannun nan a tsakar gidansa.

"Yaɓena ne," in ji Haliru, murya kwance. "Na zo na tarar an sare ta, na rufe mata ciwo. Laifi ne?"

"Yaushe?"

"Bayan wuta ta mutu."

"Da ka tarar da iccen ƙanwarka a ƙone, sai ka tsaya kwaɓa laka, ka koma gida ba ka gaya ma kowa ba?" Labbo ya ɓanɓaro ɗan gefen yaɓen ya miƙa wa Maigari. "Ranka shi daɗe, fasa ka gani. Toka har ciki. Laka ba ta haɗiyar toka sai tana ɗanya, kuma cikin zafin ga kafin a sha ruwa ta bushe. Sa'ad da hannun ga ke yaɓe, waccan ɗorawar da ke kusa tana ci da wuta, iska na kawo tokarta."

Maigari ya murƙushe lakar a tafinsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya girgiza kai.

"Ban gane ba, Labbo. Rabin diyyar fa nashi ne. Kuma mutumin da ya iya ƙone abincin ƙanwatai, uwa ɗaya uba ɗaya, mi zai sa shi ji tausayin iccen matar wani? Wanga ya fi kama da aikin mai icce. In ba ka da amsa, mutane za su ce kai ka sa shi, ko kai ka yi."

"Atoh," in ji Mahadi daga kan jaki.

Labbo ya dubi Hamidu. Yaron gawayi ba ya kallon kowa, igiyar ƙafarsa yake kallo.

"Don yana son ta," in ji Labbo.

Muryarsa ta fito a bushe, kamar yana karanta sanarwa.

"Yana son Maijidda tun kafin in san ta. Bai daina ba da anka ba ni, bai daina ba da ta mutu. Ya taho yana sara cikin fushi, icce bayan icce, bai duba ba sai da gatari ya shiga. Da ya ga wadda ya sara, ya yar da gatarin. Ni mijinta ne, ban taɓa zuwa in ga ko iccen ga na raye ba sai yau. Shi ya bar wuta na ci ya durƙusa yana yi mata magani. Ba wani mai rai a garin ga da zai yi haka sai shi. Ga amsarku. Ku kwance mai gawayi."

Ko Mahadi bai yi dariya ba.

Haliru ya dubi hannunsa na hagu kamar wani ne ya ara masa.

"Yaya?" in ji Sa'adiya. "Rabi fa na ce."

"Kin ce." Bai ɗago ba. "Gaban Liman kinka ce, gaban surukaina. Ba ka roƙon kowa ina raye. Ni na yi rabon nan, Sa'adiya. Ni na zaɓi ƙasa na bar miki icce, ina ganin na yi miki wayo, gari duka ya sani. Tun ranar sunan nan duk wanda ya gaishe ni sai in ga dariya a haƙoransa. Gonata ce. Ni na nome ta tun ina yaro. Za a karɓe ta a ba birai, ko inuwa guda ba ni da ita a ciki da za a ce tawa ce. Sai in tsaya layi bayan ƙanwata in miƙa hannu."

"Sai ka ƙone mu duka."

"Sai na ƙone mu duka."

Wani daga cikin 'yan sa-kai ya sunkuya ya kwance Hamidu, a hankali, ba tare da ya kalle shi ba. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Ba a saba ba.

Maigari ya ce maganar ta 'yan sanda ce. Sa'adiya ta ce ita ba ta kai ɗan'uwanta hannun hukuma, kuma kada ya ƙara taka ƙofarta, ko gawarta aka fitar. Ta juya ta kama hanya ita kaɗai, sai da aka tura samari su bi ta.

Malam Nathaniel ya matso kusa da Labbo. "Baba, wannan ɗayar dai tana raye, za a biya. Sunan wa zan sa?"

"Tukuna," in ji Labbo.

*

A hanyar komawa tsofaffin biyu suka zama na ƙarshe, don ba mai son jerawa da ɗayansu. Sai da suka yi nisa Haliru ya dubi Labbo.

"Ban san ita ce ba sai da ƙarfe ya shiga," in ji Haliru. "Iccenka ne yanzu. Ka yafe min saran."

Ga hanya ba kowa, ga mutumin a gefensa. Labbo ya buɗe baki. Sai ya ga hannun nan na lilo kusa da nasa, har yanzu da laka a ƙarƙashin farce, ya tuna leɓɓa masu rawaya da waƙar bazara. A yini ɗaya ya riga ya ba Haliru abin da bai taɓa ba kowa ba, a gaban gari. Ya ga kamar ya isa haka na yau.

"Yaɓen ya kama," ya ce. "Ba ta mutuwa."

Washegari Haliru ya tattara kayan aikinsa ya koma Tsafe wurin 'yarsa. Labbo ya ce zai je in kasuwa ta ci. Kasuwa ta ci, ya ce sai zafi ya ragu. Ya taɓa kaiwa har tasha, ya tarar motar ta cika, ya ji wani sauƙi da bai so ya bincika ba. Da ruwan farko ya sauka aka aiko cewa Haliru ya kwanta da zazzaɓi ranar Lahadi, an rufe shi ranar Litinin.

An kafa ginshiƙan siminti a gindin dutse. Sa'adiya na sayen kalwar daddawa a kasuwa yanzu, kamar kowa. Malam Nathaniel ya aiko sau da yawa yana tambayar sunan mai ɗorawa, daga baya ya gaji ya daina. Itacen na nan cikin gandu, ɓawo ya fara rufe yaɓen daga gefe, birai na shan 'ya'yansa.

Labbo yana zama da la'asar yana kallon rumbu. Ya iya maganar da ka, yadda Maijidda ta faɗe ta a asibiti, tana riƙe da bakin rigarsa don kada ya yi kamar bai ji ba.

"Ka ce ma Haliru na bar mishi ɗorawata. Mutum da gonarsa, a ce ba shi da inuwa guda da zai zauna ya ce tashi ce."